Karkatacciyar Kwana da Daɗin Tsere

Lokacin da Bill France ya tashi gina filin tseren motoci na Daytona a jihar Filorida ta Amurka, ma'aikatansa sun ci karo da matsalar da masu aikin titi ba su saba da ita ba. Injinan shimfiɗa kwalta sun ƙi tsayuwa a kan hanyar. An tsara kowace kwana ta filin a karkace, gefen waje ya ɗaga sama, gefen ciki ya yi ƙasa, har karkatar ta kai digiri 31. Mutum a ƙafa ma sai ya haɗa da dafa ƙasa kafin ya hau, balle inji mai nauyin gaske. Dabarar da aka yi ita ce aka girke katafila a can sama, aka ɗaure injinan a jikinta, suna aiki tana riƙe da su. Ƙasar da aka tara aka yi wannan tudu kuwa daga tsakiyar filin aka haƙo ta. Ramin ya cika da ruwa ya zama tafki, yana nan har yau. A watan Fabrairun 1959 aka yi babban tseren farko a wurin, na mil 500, kuma motoci biyun gaba suka iso layin ƙarshe kusan tare, har sai da aka kwashe kwanaki uku ana duba hotuna kafin a ce Lee Petty ne ya ci.

France ɗin nan shi ya kafa NASCAR a 1948, hukumar da ke shirya tseren motoci masu siffar motar gida a Amurka. Idan ka hango su daga nesa za ka ga Chevrolet da Ford, har da Toyota Camry irin wadda ta cika titunanmu. Kama ce kawai. Ciki inji ne mai silinda takwas da kejin ƙarfe kewaye da direba, nauyin motar kuma ya kai kimanin tan ɗaya da rabi. Yawancin filayen da suke tsere a kai zagayayyu ne masu siffar ƙwai, hagu kawai ake juyawa, motoci kusan 40 su yi ta zagaye na sa'o'i uku ko fiye. Saboda bambancin lokaci, da daddare tseren yake iso mana nan, kuma duk wanda ya same ni da waya a hannu ina kallo tambayarsa ɗaya ce: “Malam, su waɗannan zagaye kawai suke yi?” E, zagaye suke yi. Sai dai akwai filin da zagayen zai hana ka ƙifta ido, akwai wanda zai sa ka gyangyaɗi tun tsere bai kai rabi ba, kuma babban abin da ke raba su yana cikin kwana.

Mota idan ta ɗauki gudu so take ta miƙe. Kafin ta sha kwana dole wani abu ya tura ta gefe, kuma a kan shimfiɗaɗɗen titi babu mai wannan aiki sai taya. Gudu na ƙaruwa, aikin tayar na ninkuwa, har a kai inda riƙonta zai ƙare motar ta sulɓe. Ka ɗora goruba a kan faifai ka juya shi da ƙarfi, za ta fice ta faɗi. Ka sa ta a cikin ƙwarya ka juya, sai ta hau gefen ƙwaryar ta yi ta zagaye ba ta fita, domin bangon ƙwaryar yana tura ta ciki. Karkatacciyar kwana haka take yi wa mota: titin da kansa ya ɗauki wani kaso na aikin juya ta, ya kuma danna ta a kan tayoyinta, riƙonsu ya ƙaru.

Na taɓa zama na lissafa abin a kan kwanar Daytona, wadda nisan tsakiyar lanƙwasarta zuwa titi ya kai ƙafa 1,000. A karkatar digiri 31, motar da ke gudun kimanin kilomita 150 a awa za ta zagaya kwanar ba tare da ta nemi taya ta riƙe ta ta gefe ba ko kaɗan. Da a ce kwanar shimfiɗe take, mota mai taya mai kyau za ta fara zamewa a wajen kilomita 200. Da karkatar kuwa, tayar nan dai za ta iya jure abin da ya doshi kilomita 400, gudun da injin motar ma ba ya kaiwa. Ma'ana direba ba shi da dalilin ɗaga ƙafa daga totur. Masu gina manyan hanyoyi ko'ina, har da na nan gida, suna ɗan ɗaga gefen waje na kwana saboda wannan dalili, amma da wuya su wuce digiri biyar ko shida, domin dole su tuna da tirela mai lodi da za ta bi wurin tana jan jiki.

Nauyin da karkata ke dannawa a kan taya, shi take dannawa a kan mutumin da ke ciki. A watan Afrilun 2001 aka kai motocin gasar CART, waɗanda tayoyinsu ke waje kuma suka fi na NASCAR gudu nesa ba kusa ba, filin Teksas mai karkatar digiri 24. A gwaji suka riƙa wuce kilomita 370 a awa, nauyin da ke danne direba ya ninka na jikinsa sau biyar, jini ya riƙa sauka daga kai. Yawancin direbobin suka ce suna ganin jiri. Da safiyar ranar tsere, 'yan kallo sun riga sun fara cika fili, aka soke shi.

Shi kuwa France, Daytona ba ta ishe shi ba. Shekara goma bayan ta ya gina Talladega a jihar Alabama, ya ƙara tsawo zuwa kilomita 4.3, ya ƙara karkata zuwa digiri 33. Tun a makon buɗewa, a 1969, tayoyi suka riƙa yagewa a gwaji saboda ba a taɓa yin su don irin wannan gudu ba. Manyan direbobi, Richard Petty na gaba, suka ce ba za su shiga ba, suka kwashe motocinsu suka tafi. France ya cike gurbi da ƙananan direbobi ya yi tserensa. Daga nan gudu ya yi ta hawa, har a 1987 Bill Elliott ya zagaya filin da matsakaicin gudun mil 212.809 a awa, wato sama da kilomita 342, kuma har yanzu ba a karya wannan ba a gasar. A tseren da ya biyo bayan wannan zagaye, tayar Bobby Allison ta fashe, motar ta juya da baya, iska ta shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama, ta daki shingen waya da ke gaban 'yan kallo ta yage wani yanki mai tsawo. Mutane sun ji rauni, amma Allah ya kiyaye motar ba ta faɗa cikin jama'a ba. Davey, ɗan Bobby Allison ɗin, shi ne ya ci tseren ranar, nasararsa ta farko.

Hukuma ta ga cewa idan aka ci gaba haka wata rana sai an kwashi gawawwaki a kujerun kallo. Rushe kwanar ba zai yiwu ba, don haka aka shaƙe inji. Daga 1988, a Daytona da Talladega, aka riƙa sa wani faifan ƙarfe mai huda huɗu a ƙarƙashin kafireta don rage iskar da inji ke shaƙa. Gudu ya ragu, amma wani sabon abu ya fito. Tunda kowa yana take totur har ƙasa daga farkon zagaye zuwa ƙarshe, kuma kowane inji an daidaita ƙarfinsa, babu mai iya tsere wa wani. Abin da ya rage shi ne iska. Tun a 1960 Junior Johnson ya gano a Daytona cewa idan ya lafe a bayan motar da ta fi tasa gudu, iskar da ta keta takan ja shi, kuma da wannan dabara ya ci tseren shekarar. Yanzu sai kowa ya lafe a bayan kowa. Motoci talatin da wani abu a dunƙule, sahu biyu ko uku, bamba na taɓa bamba, a gudun kilomita 300.

Ban musa ba, kallon yana ɗaukar hankali. A watan Afrilun 2010 jagoranci ya sauya hannu sau 88 a tsere ɗaya a Talladega. Amma ni ban cika ɗaukar wannan adadi da muhimmanci ba, domin wanda ya fito gaba a irin wannan tsere sau da yawa na bayansa ne suka turo shi, kuma a zagaye na gaba sahun da ke gefe zai turo wani. Akwai gwaninta a ciki, ta sanin motsin iska da sanin wanda za ka amince ya tura ka, kuma wasu direbobi sun fi wasu iyawa ƙwarai. Sai dai kuskuren mutum ɗaya kan kwashe rabin fili. A watan Oktoban 2024, saura zagaye kaɗan a gama, haɗari ɗaya ya rutsa da motoci 28 a Talladega. Wanda ya yini yana tuƙi lafiya da wanda ya yi ganganci, motar janwe ɗaya ce ke kwashe su. A kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe na tseren Daytona ne kuma Dale Earnhardt, zakaran gasar sau bakwai, ya daki katanga ya mutu a ranar 18 ga Fabrairun 2001. Bayan mutuwarsa ne aka tilasta wa direbobi sa abin da ke riƙe kai da wuya, aka kuma bi filaye ana lulluɓe katangar kankare da wata mai shanye ƙarfin karo.

To idan karkata mai yawa ta hana direba ɗaga ƙafa, sai mutum ya zaci maganin shi ne a shimfiɗe kwanar. Filin Indianapolis, wanda aka gina tun 1909, tsawonsa ɗaya da Daytona, kilomita huɗu, amma karkatarsa digiri tara ce da ɗan ɗoriya. A nan hanya ɗaya ce tak mai sauri: ka shigo daga waje, ka yanko ciki, ka fita waje. Wanda ya kauce mata ya yi asarar lokaci. Sai motoci su jeru ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan iska ke juya wa na baya baya. Motar gaba tana samun iska mai tsabta da ke danna ta ƙasa ta ƙara mata riƙo. Ta baya kuwa hargitsattsiyar iska take samu, gabanta ya yi sakayau, direba ya murza sitiyari motar ta ƙi bin umarni. Ko ya fi na gaba gudu, da ya matso kusa sai riƙonsa ya ɓace, kuma babu wani layi da zai koma ya nemi iska mai kyau. A filin New Hampshire, wanda shi ma kusan shimfiɗe yake, an taɓa haɗa wannan da shaƙe inji a watan Satumban 2000, bayan direbobi biyu, Adam Petty da Kenny Irwin, sun mutu a wurin cikin shekarar. Jeff Burton ya yi zagaye 300 yana gaba, daga na farko har na ƙarshe.

Martinsville da ke jihar Bajiniya ta fita daban, duk da karkatarta digiri 12 ce kawai. Ƙaramin fili ne, bai kai mita 850 ba, miƙaƙƙun hanyoyi biyu da matsattsiyar kwana a kowane ƙarshe. Gudun bai kai yadda iska za ta yi tasiri sosai ba, kuma dole a taka birki sau biyu a kowane zagaye, sau dubu a tsere, har ka ga faifan birki ya yi jajir. Duk inda ake taka birki akwai wanda zai jinkirta takawa ya kutsa ta ciki, akwai kuma wanda zai ƙone birkinsa tun da wuri ya zama abin tausayi a ƙarshe. A nan ne a watan Oktoban 2022 Ross Chastain, da ya ga zai fita daga takarar kofi, ya ƙi taka birki a kwanar ƙarshe, ya jingina motarsa da katanga ya take totur, katangar ta yi masa aikin da karkata ke yi, ya tashi daga na goma ya keta layin ƙarshe a na biyar. Kafin sabuwar kaka hukuma ta ce duk wanda ya sake yin haka zai sha hukunci.

Filin da ya fi burge ni, kuma wanda nake ganin ya warware matsalar fiye da kowa, shi ne Homestead da ke kudu da birnin Miami. An gina shi ne don farfaɗo da garin bayan guguwar Andrew ta 1992 ta ɗaiɗaita shi, aka buɗe a 1995. Da farko an kwaikwayi Indianapolis, kusurwa huɗu kusan shimfiɗe, abin bai yi armashi ba. A 1997 aka mayar da shi siffar ƙwai da karkatar digiri shida, nan ma motoci suka ci gaba da bin juna a layi ɗaya. Sai a 2003 aka fasa kwanar aka sake gina ta da wata dabara: karkatar ba ɗaya ba ce daga ƙasa zuwa sama. Layin ciki digiri 18, na tsakiya ya ɗara shi, na jikin katanga digiri 20.

Digiri biyu kamar ba komai ba ne, sai ka duba abin da ake son a biya da su. Wanda ya bi layin sama ya fi na ƙasa tafiya mai nisa. Idan tsakaninsu mita 10 ne, a zagaye guda na sama ya ƙara kimanin mita 63, abin da ya doshi daƙiƙa guda a gudun da ake yi a wurin, kuma daƙiƙa guda a wannan sana'a tazara ce babba. Abin da zai rama masa shi ne lanƙwasarsa ta fi faɗi, karkatarsa ta fi yawa, don haka ba sai ya rage gudu kamar na ƙasa ba, kuma yakan fito daga kwana da ƙarfinsa ya ɗauki miƙaƙƙiyar hanya. Idan magini ya daidaita lissafin, gajeriyar hanya mai jinkiri da doguwar hanya mai sauri za su kai mutum wuri ɗaya a lokaci kusan ɗaya. Daga nan na baya ya sami mafita. Na gaba ya bi ƙasa, shi ya hau sama inda iska take da tsabta. Na gaba ya hau sama ya tare shi, shi ya sauko.

Kuma karkatar ba ta kai ta hana ɗaga ƙafa ba. A Homestead dole direba ya saki totur yana shiga kwana, ya jira motar ta zauna, sannan ya mayar da ƙafa a hankali, kuma kwaltar ta tsufa, rana da iskar teku sun sa ta yi kaushi tana cin taya. Da sababbin tayoyi layin ƙasa yana biya. Bayan zagaye ashirin ko talatin riƙo ya ragu, sai ka ga motoci suna hawa sama ɗaya bayan ɗaya, har masu ƙarfin hali irin su Kyle Larson da Tyler Reddick su manne da katanga, tazarar da ke tsakani ba ta fi a zura hannu ba. A can iskar da ta matse tsakanin mota da katanga tana ɗan tallafe motar, amma kuskure kaɗan ya isa ka goge gefen dama gaba ɗaya.

A watan Oktoban 2024 Reddick ya shiga zagayen ƙarshe a Homestead yana na uku, tayoyinsa kuma sun ɗan girmi na waɗanda ke gabansa. Ya fara wuce Denny Hamlin, wanda shi da Michael Jordan, tsohon ɗan ƙwallon kwando, suka mallaki motar da Reddick ɗin ke tuƙawa. Saura Ryan Blaney. Suna isowa kwana ta uku Blaney ya bar layin katanga a buɗe. Reddick ya jefa motarsa can sama da gudun da na ɗauka ba za ta iya riƙewa ba, bayanta na rawa, ta riƙe, ya zagaye Blaney ta waje ya fito gaba. Babu wanda ya taɓa wani, babu wanda aka tura. Irin wannan nake kira tsere mai kyau, kuma a Indianapolis ba zai yiwu ba saboda babu layin, a Talladega ba zai yiwu ba saboda mota ɗaya ba ta iya fita ita kaɗai.

Sai dai ba kowa ya yarda da ma'aunina ba, kuma mutanen Bristol a jihar Tenesi sun nuna haka da aljihunsu. Bristol ƙaramin fili ne, mita 858, zagaye guda daƙiƙa 15, kujerun kallo sun kewaye shi ko'ina, a lokacin da yake tashe yana ɗaukar mutum kusan 160,000. Shekara da shekaru masu filin suna tallata karkatarsa a kan digiri 36, kuma a wancan lokacin layi ɗaya ne ke da sauri, na ƙasa. Hanyar wucewa guda ce: ka sa bambarka a bayan na gaba daidai lokacin da yake shiga kwana, ka ɗan ture shi ya haura sama, ka shige ta ƙasa. Wani lokaci turin ya yi yawa. A 1999 Earnhardt ya juya motar Terry Labonte a zagayen ƙarshe ya ci tseren, jama'a na yi masa ihu. Rigima da jifa da hular kwano da nuna yatsa bayan tsere, duk sun zama kayan gidan, kuma tun daga 1982 aka yi shekaru da yawa ba a yin tsere a Bristol sai tikiti ya ƙare.

A 2007 aka sake zuba kankaren filin, aka ba shi irin maganin da ya yi wa Homestead aiki, karkata mai ƙaruwa daga ƙasa zuwa sama. Direbobi suka ji daɗi, domin yanzu ana iya tafiya gefe da gefe, a wuce mutum ba tare da an taɓa shi ba. 'Yan kallo suka ce an lalata musu fili. A watan Maris na 2010 aka ga kujeru babu kowa a karon farko bayan tsere 55 a jere. Matsin tattalin arzikin da Amurka ta shiga a lokacin yana da nasa kaso, amma ƙorafin jama'a a kan filin ya yi ƙarfin da a 2012 mai filin, Bruton Smith, ya sa aka kawo injina aka kankare layin sama don a rage masa karkata a tilasta wa motoci komawa ƙasa. Abin dariya, da motoci suka fara bin wurin da aka kankare, robar taya ta manne a kai ya fi ko'ina riƙo, sai kowa ya koma can. Layi ɗaya ya dawo, amma a sama, inda turin ma ba ya yiwuwa yadda ake so. Daga baya sai da aka koma fesa wani sinadari mai danƙo a layin ƙasa don a jawo motoci.

Na fahimci mutanen Bristol, ko da ban bi ra'ayinsu ba. Wanda ya yi tafiyar yini ya biya kuɗin tikiti da masauki, abin da ya zo gani shi ne mutum biyu suna neman wuri ɗaya da ba zai ɗauke su duka ba. Da aka ba kowa nasa wurin, sai rigimar ta mutu.

Gyaran karkata kuma caca ce mai tsada, domin sai an gama zuba kwalta ake sanin abin da aka samu. A 2017 Teksas ta rage karkatar kwana ta ɗaya da ta biyu daga digiri 24 zuwa 20, ta faɗaɗa titin daga ƙafa 60 zuwa 80, da niyyar a tilasta ɗaga ƙafa a buɗe layuka. Aka sami faffaɗan titi da kowa ke bin gefe ɗaya nasa, kuma filin ya zama abin zolaya a bakin direbobi da 'yan kallo. Atlanta a jihar Jojiya ta bi akasin haka kafin kakar 2022: ta ɗaga karkata daga 24 zuwa 28, ta matse titin daga ƙafa 55 zuwa 40, aka kuma rage ƙarfin inji kamar yadda ake yi a Daytona. Direbobi da yawa sun fusata, sun ce ba a shawarce su ba, kuma an kashe musu tsohuwar kwalta ta 1997 da suke ƙauna saboda santsinta. A watan Fabrairun 2024 motoci uku suka keta layin ƙarshe a jere a wurin, Daniel Suárez ɗan Meziko ya riga Blaney da daƙiƙa 0.003, Kyle Busch na gefensu. Tun daga nan masu suka suka ragu. Ni ma ina kallon Atlanta da sha'awa yanzu, musamman da kwaltar ta fara tsufa, direbobi suka fara ɗaga ƙafa a kwana.

Darlington ta Karolina ta Kudu kuwa ba injiniya ne ya tsara mata daɗinta ba. Wanda ya gina ta a 1950 ya yi wa mai ƙasar alkawarin ba zai taɓa masa kududdufin kifinsa ba, sai ya matse kwanar da ke ɓangaren. Aka sami fili mai kai ɗaya faffaɗa da karkatar digiri 25, ɗayan matsattse da digiri 23, kuma babu bakanikan da ke iya saita mota ta dace da duka biyun. A can Ricky Craven ya riga Kurt Busch da daƙiƙa 0.002 a 2003, motocin biyu na gogar juna har layi.

Akwai kuma abin da karkata ba ta da iko a kai. A watan Maris na 2024, a Bristol ɗin nan da aka yi ta gyara, tayoyin Goodyear suka ƙi barin roba a kan kankare, suka riƙa cinyewa har zare ya fito bayan zagaye arba'in zuwa hamsin. Direbobi suka shiga lallaɓa mota, wanda ya yi gaggawa ya ƙone tayarsa, na bayansa ya wuce shi ta duk layin da ya ga dama. Jagoranci ya sauya hannu sau 54, abin da ba a taɓa gani ba a ƙaramin fili, motoci biyar kaɗai suka gama ba a yi musu zagaye ba, kuma tsofaffin hannu da suka koyi tattalin taya tun suna yara su suka kwashe matsayi ukun farko, Hamlin na gaba. Kowa ya ce a maimaita. A watan Satumba aka dawo da irin tayar nan, a filin nan, a karkatar nan, sai ta ƙi cinyewa, Kyle Larson ya yi zagaye 462 cikin 500 yana gaba.